Inji mai tsada amma esfireson sai tsami da ɗaci, ina matsalar take?

Abban Sadiq:
Slm 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin nan ku taimaka min. Na sayi injin esfireso na gida irin manyan nan, mai kan E61 (kan da ruwa yake sauka ta cikinsa zuwa kan gari), tukunya biyu ɗaya ta gahawa ɗaya ta tururi, har da PID na saita zafi, a ido kam ba a magana. Amma abin da yake sauka a kofi wlh ba ya shawuwa, kurɓar farko tsami, ta ƙarshe kuma ɗaci da wani bauri mai busar da baki. Na ji ana cewa in ya yi tsami a ƙara laushin niƙa, na ƙara, yanzu sai ya tsaya yana ɗiga ɗis ɗis kamar ba zai fito ba, can kuma sai ya ɓalle ya zubo shaa fari-fari. Tsamin bai tafi ba ɗacin kuma ya ƙaru. Injin ne da matsala in mayar tun garanti bai ƙare ba, ko kuwa?

Auta:
hhhh sannu Yallabai barka da shigowa layi. duba kwalin matsin ruwa bar nawa aka rubuta? nawa 15 ne akwai ma masu 20, kila naka bai kai bane shiyasa ruwan yake kasa wucewa

Injiniya:
Auta ƙanina bar maganar 15 ɗin nan, lambar talla ce. Wannan iyakar ƙarfin famfon ne in an toshe masa hanya gaba ɗaya, esfireso a wajen bar 9 ake yinsa, kuma inji mai kyau akwai bawul a cikinsa da aikinsa kenan ya rage matsin ya dawo da shi nan. Matsi ya yi yawa ma cutarwa yake, yana danne garin ya toshe shi.

Abban Sadiq kar ka mayar da komai tukuna. Amsa min waɗannan. Da wane injin niƙa kake aiki? Giram nawa na gari kake zubawa kuma giram nawa yake fitowa a kofi? Yaushe aka soya 'ya'yan gahawar? Kuma in ka kunna inji minti nawa kake jira?

Abban Sadiq:
Ngd Injiniya. Na niƙa ƙarami ne na lantarki da nake da shi tun da, wanda nake niƙa gahawar tacewa da shi, yana da lambobi ana murɗawa ƙas ƙas. Sikeli ban da shi, da cokalin da ya zo da injin nake awo, biyu. 'Ya'yan kuma babu ranar suya a ledar sai dai ranar lalacewa kuma da saura sosai. Jira kuwa da na ga allon ya nuna 93 nake farawa, bai fi minti goma ba.

Maman Hanan:
Toh ai ka amsa wa kanka Abban Sadiq, duka huɗun akwai gyara kuma babu ko ɗaya da ya shafi lafiyar injin. Ni bari in ɗauki na zafi tunda shi ne kyauta. 93 ɗin da kake gani lissafi ne daga zafin tukunya, ba zafin da ruwa yake isa kan gari da shi ba. Kan E61 ɗin nan curin tagulla ne mai nauyin kusan kilo 4 a waje yake shan iska, ruwan zafi ne yake zagayawa ta cikinsa a hankali yana ɗumama shi, toh a minti goma tukunya ta yi zafi amma shi bai gama ba, ruwa na bi ta cikinsa ya sha masa zafi ya isa wajen garin da sanyi-sanyi, ga tsami nan. Ka ba shi minti 30 zuwa 40, kuma mariƙin, wato mai hannun nan da kwandon gari yake zama a ciki, yana ɗaure a jiki don shi ma ya ɗau zafi. In ba ka iya jira da safe sa masa soket mai agogo ya riƙa kunna kansa kafin ka tashi.

Auta:
minti 40 saboda kurba biyu?? Allah ya bada hakuri. nawa dakika kadan ya shirya

Maman Hanan:
Naka ba tukunya gare shi ba Auta, bututu ne mai zafafa ruwa yana wucewa, kowanne da amfaninsa. Shi wannan kan E61 kamfanin Faema ne ya fito da shi tun 1961 don shaguna inda ake kunna inji da safe sai dare, ba a yi shi don mai sauri ba. Amma in ya ɗau zafi ya ɗauka kenan, ba ya rawa.

Injiniya:
Hajiya ta gama da zafi. Saura babbar, wadda ba za ka so ji ba bayan kuɗin da ka kashe: injin niƙan nan ba zai yi ba. Abin da mutane ba sa ganewa, injin esfireso komai tsadarsa abu biyu kawai yake yi, ya ba da ruwa a zafin da ka ce, a matsin da ka ce, yau da gobe ba canji. Shi kenan. Bai san me ke cikin kwando ba. Saurin da ruwa zai wuce da abin da zai kwaso duk garin ne yake yanke hukunci, garin kuma injin niƙa ne ya yi shi. Irin naka mai ƙas ƙas tazarar lamba ɗaya zuwa ta gaba ta yi faɗi da yawa, a wannan lambar ruwa ya wuce a daƙiƙa 15, ka matsa ɗaya ya toshe, wurin da kake nema yana tsakani kuma ba ka da hanyar zuwa can. Ga shi kuma garin ba ya fita bai ɗaya, wani tsaki-tsaki wani ƙura. Nemi wanda aka yi don esfireso mai murɗawa sumul ba mataki, irin su Eureka Mignon, Niche Zero, DF64, ko Mazzer in aljihu ya yarda, akwai ma na hannu masu kyau in ba ka ƙin motsa damtse da safe. Ni da za a ce in zaɓa gara inji matsakaici da maniƙa mai kyau da inji na ƙarshe da maniƙar banza, nesa ba kusa ba.

Sai sikeli mai auna 0.1 na giram. Cokali ba awo ba ne, gahawa mai baƙar suya ta fi sauƙin nauyi, cokali ɗaya yau daban gobe daban. Duba gefen kwandonka galibi ana rubuta giram ɗin da yake ɗauka. In na 18 ne zuba 18, ɗora kofi kan sikeli, tsayar da ruwa in ya kai 36. Wato ninki biyu. Ka duba ko ya faɗa tsakanin daƙiƙa 25 da 30. Abu ɗaya kawai zaka riƙa canzawa, niƙa, sauran ka bar su yadda suke.

Kawu Bala:
Assalamu alaikum. Ni duk wannan sikeli da agogo dariya suke ba ni. Mutanen Italiya da suka ƙirƙiro abin, ka shiga shagunansu ka ga wanda yake ɗora kofi a sikeli? Giram 7, ruwa mililita 25, daƙiƙa 25, an gama, haka cibiyarsu ta esfireso ta rubuta. Tun da Achille Gaggia ya fito da inji mai sanda a ƙarshen shekarun 1940 aka fara ganin kumfa a saman gahawa, kakanninsu ke sha suna jin daɗi ba wanda ya riƙe allura yana tonon gari. Ɗana ka nemi gahawa mai suya sosai wadda aka haɗa da nau'in gahawar robusta kaɗan, zaka ga kumfa mai kauri, tsami kuma ko a mafarki. Wannan tsamin ai yaran yanzu ne suka kawo shi da ɗanyar suyarsu, wai ɗanɗanon 'ya'yan itace, in 'ya'yan itace nake so ai na san inda suke.

Maman Hanan:
Kawu ina wuni. Gaskiyarka a rabi. Mai shago yana yin ɗaruruwan kofi a yini da gahawa iri ɗaya da maniƙa ɗaya, hannunsa da idonsa sun zama sikeli, in ya ɓata biyu da safe wajen saiti ba asara ba ce. Mu a gida kofi biyu ne ko uku, in ka ɓata biyu ai ka ɓata yinin. Sannan awon mililita yaudara ne saboda kumfa, sabuwar gahawa rabin kofin kumfa ce, ta kwana biyu kuma ta ragu, ido zai ce maka daidai suke alhali ruwan ciki ba ɗaya ba. Amma inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari, mai koyo ya fara da suya matsakaiciya zuwa mai duhu, ta fi yafiya.

Kumfa kuma ba girin-girin ba dai ta yi mai. Iskar da suya ta bari a cikin 'ya'yan ce take fitowa a matsi, tana nuna gahawar sabuwa ce ko akwai robusta, ba ta nuna daɗi. Ɗebo ta ita kaɗai a cokali ka lasa Kawu, ɗaci ne zalla.

Kawu Bala:
'Yata ni na lasa tun kafin a haife ki, kuma ɗacin nake so. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dakta:
Ina bin maganar tun ɗazu, akwai abin da ba a taɓa ba kuma inaga shi ne ainihin abin da Abban Sadiq ya kwatanta. Ku sake karanta bayaninsa: tsami DA ɗaci a kofi ɗaya, ya tsaya yana ɗiga sannan ya ɓalle. Wannan ba rashin laushi ba ne, ruwa ne ya fasa hanya. Kamar ruwan sama ne a gangare, ba ya bin ko'ina daidai, inda ƙasa ta yi rauni nan yake zaizayewa ya yi kwazazzabo sauran wuri ya bar shi. In gari ya yi laushi fiye da kima ko ya dunƙule ko gefe ɗaya ya fi tudu, ruwa a bar 9 zai nemi inda ya fi sauƙi ya huda, garin da ke bakin hudar a wanke shi har a kwaso ɗaci da bauri, sauran kuma da ƙyar ruwa ya taɓa shi sai tsaminsa kawai ya fito. Shi ya sa dokar "in ya yi tsami ƙara laushi" take da iyaka, in ka wuce wani wuri ƙarin laushi baya yake mayar da kai.

Ba zance na ba ne, a 2020 Christopher Hendon na jami'ar Oregon da abokan aikinsa sun fitar da bincike a mujallar Matter, lissafi ya ce ƙarin laushi ƙarin abin da ruwa zai kwaso, amma da aka gwada a inji sai aka ga yana hawa ya kai wani wuri sannan ya fara sauka, saboda ruwan ya daina ratsa garin duka. Shawarar da suka bayar a rage gari, a ɗan buɗe niƙa, a sauke matsi wajen bar 6, kofin ya fito cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka. Toh ka ga daƙiƙa 25 zuwa 30 ba aya ba ce, wurin farawa ne.

Kawu Bala:
Daƙiƙa 15? Dakta wannan ai tsararo ne ba esfireso ba.

Dakta:
Kaurinsa ya ragu gsky Kawu, ba ya kama harshe kamar naka, wanda yake son mai nauyi ba zai so shi ba. Amma zaƙi yana fita kuma yau da gobe ɗaya yake fitowa. Ban ce kowa ya koma can ba, ni kaina da madara zan sha na fi son irin naka. Abin da nake nufi kar mutum ya zubar da kofi mai daɗi don agogo ya ce 22.

Injiniya:
Na yarda da Dakta kan fasa hanya amma dan Allah kar mu rikita bawan Allah da bar 6 tun bai iya na 9 ba. Abban Sadiq sayi mariƙi mara gindi, wanda ake ganin ƙasan kwando tsirara, milimita 58 ne girman naka. Gani ya kori ji. In shirinka ya yi zaka ga gahawa ta tsatso ta ko'ina a ƙasan kwandon sannan ta haɗu a tsakiya ta zama igiya ɗaya. In bai yi ba zaka ga gefe ɗaya ya riga, ko wani wuri a bushe, ko ta yi maka tsartuwa a riga. Kuma duba kwandunan da suka zo da injin, in akwai mai bango biyu da huda ɗaya tak a ƙasa ajiye shi gefe, wancan don garin kanti aka yi shi, kumfar ƙarya yake yi.

Shirin kuwa ba wuya. Niƙa a kwando, ɗauki siraran allurai irin 0.3 ko 0.4 na milimita a kafe a toshiyar kwalba ko ka sayi wanda aka yi, ka juya garin tun daga ƙasa har sama dunƙulen su watse, WDT ake ce masa, wani John Weiss ne ya yaɗa shi wajen 2005. Kar ka yi da tsinken sakace ko cokali mai yatsu, kaurinsu ramuka yake bari. Sannan ka ɗan buga mariƙin a tebur sau ɗaya gari ya zauna, ka danna a miƙe. Ƙarfin danni ba shi ne ba, danna har ka ji garin ya daina sauka shi kenan, ba ya wuce nan ko ka hau kai. Karkata ita ce matsala. Kuma kar ka ƙwanƙwasa gefen mariƙi bayan ka danna, yana raba garin da bangon kwando ruwa ya bi ta nan.

Auta:
ni naga wani yana fesa ma yayan ruwa kafin ya nika, wannan kuma na menene ko iyayi ne

Dakta:
Ba iyayi ba ne Auta. Niƙa tana haifar da lantarkin gogayya, shi ke sa gari ya manne a jikin inji ya watsu a tebur ya kuma dunƙule. Ɗigon ruwa ɗaya ko feshi ɗaya a kan 'ya'yan ka girgiza yana kashe shi. Su Hendon ɗin sun yi bincike a kan wannan ma a 2023. Ɗigo fa na ce, ba wanka ba, kuma ga wanda yake auna na kofi ɗaya ya zuba, kar ka fesa wa cikakken mazubi.

Maman Hanan:
Kun manta 'ya'yan. Abban Sadiq ledar da babu ranar suya ka ɗauka ta daɗe, kuma tsohuwar gahawa ba ta riƙe ruwa, dole ka yi ta ƙara laushi har ka faɗa ramin da Dakta ya faɗa. Nemi wadda aka rubuta ranar da aka soya. Amma kuma kar ka yi murna ka samu ta jiya, sabuwa fil iska ta yi mata yawa, sai kumfa da wani kaifi, ka bar ta ta huta sati ɗaya zuwa biyu, mai hasken suya ma ta fi haka. In ka saya da yawa raba ta ƙananan kwalabe ko leda mara iska ka sa a firiza, ka ɗauko ɗaya ka niƙa a daskarenta ba sai ta huce ba. Firij dai a'a, danshi da warin abinci. Kuma ka sani yadda leda take tsufa haka zaka riƙa ɗan matsa niƙa, saitin ba na har abada ba ne.

Wani abu ƙarami, kana juya esfireson da cokali kafin ka sha? Na farkon da ya sauka mai kauri yana ƙasa, na ƙarshe mai ruwa da kumfa suna sama, in ba ka juya ba abu uku daban-daban kake sha a jere.

Abban Sadiq:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Na samo sikeli da mariƙi mara gindi da sabuwar gahawa matsakaiciyar suya, maniƙa kuma aro na karɓa wajen wani abokina kafin tawa ta iso. Ashe cokali biyun nan bai kai 15 ba a kwandon 18. Yanzu 18 ciki 36 waje daƙiƙa 28, baurin ya tafi, ana sha, har da ɗan zaƙi a ƙarshe. Saura ɗan tsami kaɗan da bai yi min ba. In ƙara laushi ko in ƙara zafi? Kuma agogon nan daga ina ake fara ƙirga, daga ɗaga sandar sakin ruwa ko daga ɗigon farko?

Injiniya:
Madalla. Daga ɗaga sanda, tunda daga nan ruwa ya fara taɓa gari. Wasu daga ɗigo suke yi, ba laifi, ka dai riƙe ɗaya.

Tsamin kuma kar ka taɓa niƙa tukuna, bar ruwan ya ƙara gudu, tsayar a 40 ko 42 maimakon 36. In kana so ka gane dalili jera kofi uku, ka tari kashin farko a ɗaya, na tsakiya a ɗaya, na ƙarshe a ɗaya, ka ɗanɗana kowanne. Na farko kauri da tsami har da gishiri-gishiri, na tsakiya zaƙi, na ƙarshe ruwa-ruwa da ɗan ɗaci. Toh tsawon da ka bari shi ne yawan na ƙarshen da zai shiga ya daidaita na farkon. Wannan ya fi komai saurin gyara ɗanɗano kuma ba ya jawo fasa hanya.

Dakta:
In hakan bai isa ba sai zafi, tunda ka biya kuɗin PID ai sai ka more shi. 93 tsakiya ce. Mai hasken suya tana son 94 zuwa 96 da ruwa mai tsawo, har ninki biyu da rabi ko uku, saboda ƙwayar ta fi tauri ba ta sakin abin cikinta da sauƙi. Mai duhu irin ta Kawu sauke zuwa 90 ko ƙasa kaɗan kuma a gajarta, in ba haka ba toka zaka sha. In ka canza lamba ka jira kan ya bi, ba nan take ba ne. Amma digiri ɗaya ba zai yi abin mamaki ba, matsa biyu ka ji bambanci.

Sannan wani tsamin na gahawar ne kanta, irin na Kenya ko Habasha da aka wanke haka Allah ya yi su, ba saitin da zai mayar da su irin ta Burazil. In ba ka son hakan canza leda ba inji ba.

Kawu Bala:
Kun ga dai an dawo maganata.

Maman Hanan:
An dawo Kawu, amma da sikeli aka dawo hhh.

Abban Sadiq tambaya ɗaya da ta fi duk waɗannan tsada in aka yi sake, wane ruwa kake zuba masa?

Abban Sadiq:
Na famfo Hajiya, amma ina tace shi a jug mai matata.

Injiniya:
Toh tsaya nan. Yawancin matatun nan warin kilorin suke cirewa, taurin ruwa kuma wasu suna ragewa kaɗan wasu ko kaɗan. Ruwa mai tauri in ya yi zafi allin cikinsa yana daskarewa a jikin tukunya da bututu, kuma a cikin kan E61 akwai wata 'yar huda da ba ta kai milimita ɗaya ba wadda duk ruwan yake bi, ɓarɓashi ɗaya ya isa ya toshe ta. Tukunyar tururi ta fi shan wahala don ta haura digiri 120 kuma tururi ne yake fita ma'adinan su zauna, shi ya sa yana da kyau ka riƙa ɗiban ruwan zafi ta famfonta lokaci lokaci sabo ya shiga. Sayi ruwan gwajin tauri mai ɗigawa irin na masu kiwon kifin ado, GH da KH, wato awon taurin ruwa iri biyu, ka gwada. 'Yar na'urar TDS ba ta gaya maka tauri, jimillar duk abin da ya narke a ruwan take ba ka.

Kuma kar ka ce bari in huta in zuba tataccen ruwa zalla wanda babu komai a cikinsa. Injin yana gane tukunya ta cika ne ta wani ƙarfe da yake jin lantarki ta cikin ruwa, ruwa zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai, zai iya yi ta cikawa bai san ta cika ba, ga cin ƙarfe ga gahawa lami. Ni abin da nake yi tataccen ruwa zalla lita ɗaya da miligiram 100 na fotashiyam bayikabonet, babu alli ko kaɗan a ciki balle ya daskare.

Dakta:
Wannan haɗin yana kare inji ba musu, amma ni ina ƙara ɗan maganiziyam, a bakina gahawa ta fi fitowa da shi.

Injiniya:
A gahawar tacewa na yarda Dakta, a esfireso da gari ya kai kashi ɗaya cikin uku na lissafin ban taɓa jin bambancin da zai sa in saka tukunyata a haɗari ba. Rufe ido a ba ka biyu ka nuna min.

Dakta:
Na karɓa, amma kai zaka haɗa ruwan ni in kawo gahawar.

Auta:
ni dai duk wata uku nake zuba ma nawa maganin wanke alli shikenan ba lissafi

Injiniya:
Naka ƙarami ne an yi shi don haka Auta. Mai tukunya biyu wanke shi da asid a gida aiki ne, fitar da maganin duka daga tukunyar tururi da wuya, kuma allin da ya ɓantare yana iya tafiya ya toshe wani wuri. Gara a hana shi taruwa tun farko.

Abban Sadiq:
Na gane. To wankin yau da kullum fa? An sako min wani kwando mara huda a kwalin ban san amfaninsa ba.

Maman Hanan:
Na wankin baya ne. Ka sa shi a mariƙi ka ɗaura, ɗaga sanda daƙiƙa goma ka sauke, ruwan zai koma ta ciki ya fita ta ƙasa da dattin, yi haka sau huɗu ko biyar da ruwa zalla in ka gama na yini ko bayan kwana biyu. Bayan kowane kofi kuma saki ruwa kaɗan ka goge rariyar da ruwa yake fitowa ta cikinta a ƙarƙashin kan injin. Man gahawa in ya kwana a ƙarfe mai zafi yana yin wari, kuma ɗacinsa ba saitin niƙa da zai cire shi, mutane da yawa suna ta murɗa maniƙa alhali rariya ce ta yi baƙi. Ciro kwandon daga mariƙi ma ka leƙa ƙarƙashinsa. Da wannan kwandon ne kuma zaka duba matsi, ɗaura shi ka kalli agogon matsi na injin, in ya tsaya wajen 9 zuwa 10 lafiya lau.

Injiniya:
Ƙari kan na Hajiya, garin sabulu irin Cafiza kar ka yawaita shi a E61, kamar sau ɗaya a wata ko ma fiye ya isa ga mai kofi biyu uku a rana. Yana wanke man gahawa amma yana tafiya da girisin da ke cikin sandar, zaka ji ta fara ƙara tana tauri, in aka bar ta haka ƙarfen ciki yana cinyewa. Bayan kowane wankin sabulu a kwance sandar a shafa mata giris na silikon wanda aka yarda da shi a kayan abinci, inji a kashe kuma ya huce. Sifana biyu ne da minti goma, ka naɗa tsumma a bakin sifanar kar ta karce maka ƙyallin.

Abban Sadiq:
Girisin kowanne iri ne ko akwai na musamman?

Injiniya:
Molykote 111 shi aka fi amfani da shi, ƙaramin bututu zai yi maka shekaru. Kaɗan ake shafawa, kar ka cika.